Joe Lapchick: Kocin da ya taya baƙaƙen fata buɗe ƙofar NBA

Matashin da ke bin wasannin ƙwallon kwando na NBA a wayarsa, a Gusau yake ko a Tsafe ko a Bunguɗu, ya saba ganin fili cike da baƙaƙen fata, har yakan ɗauka tun asali haka lamarin yake. Alhali daga 1946 da aka kafa gasar zuwa 1950, kaka huɗu cur, ba a bar baƙar fata ko ɗaya ya sa rigar wata ƙungiya ba. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana. Masu ƙungiyoyin ne kawai suka fahimci juna, kowa ya kama bakinsa. Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan shiru akwai wani dogon farar fata mai suna Joe Lapchick, ɗan talakawan da suka yi ƙaura daga Turai, wanda karatunsa bai wuce aji takwas ba. Ya yi kimanin shekara 20 yana buga wasan a biya shi, ya kuma yi shekara 29 yana horar da wasu. Tarihinsa ya nuna abin da mutum zai iya yi da ɗan ikon da ke hannunsa, da abin da hakan kan jawo masa, da kuma inda ikon nasa ya tsaya.

Yaron da ke tsintar kwal

An haifi Joseph Lapchick ranar 12 ga Afrilu, 1900, a Yonkers, wani garin masana'antu da ke arewa da birnin New York. Iyayensa 'yan asalin ƙasar Czech ne da suka tsallaka teku zuwa Amurka neman abinci. Gidan na talakawa ne, har yaron kan bi gefen layin dogo yana tsintar kwal domin a samu na hura wuta. Yana ɗan shekara 12 ya fara buga ƙwallon kwando a unguwa. Wasan kansa sabo ne a lokacin, domin a watan Disamba na 1891 ne James Naismith ya ƙirƙiro shi a garin Springfield. Bayan aji takwas Lapchick ya bar makaranta, ya yi aikin ɗaukar wa masu wasan golf kaya, daga baya ya shiga masana'anta. Bai daɗe ba ya lura cewa wasan dare ya fi aikin rana kawo kuɗi.

Ƙwallon kwando na kuɗi a wancan zamani sana'a ce marar tsari. Ana yin wasa a zauren rawa ko a ɗakin atisayen sojoji, a kewaye filin da ragar waya ko ta igiya don raba 'yan wasa da 'yan kallo. Ɗan wasa ba shi da ƙungiya ta dindindin: wanda ya fi biya a daren, shi ake bi. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ɗaga darajar dogayen mutane. Duk lokacin da aka jefa ƙwallo a kwando, sai alƙalin wasa ya koma tsakiyar fili ya cilla ta sama, mutum biyu su yi tsalle su yi takara a kanta. Ƙungiyar da ke da dogon da zai riƙa taɓo wa abokansa ƙwallo, ita ke riƙe da wasa. Tsawon Lapchick ƙafa 6 ne da inci 5, abin da ake ɗauka tsawo na ban mamaki a lokacin. Yana ɗan shekara 19 ya kasance yana buga wa ƙungiyoyi huɗu wasa a lokaci guda.

A 1923 ya shiga Original Celtics ta New York, wadda ba ta da alaƙa da Boston Celtics ta yau. Wannan ƙungiya ce ta fara ɗaure 'yan wasanta da kwantiragin da ya hana su buga wa wani, saboda haka suka daɗe tare, suka san juna, suka fito da dabarun da har yanzu ake koyarwa, kamar tsayar da mutum guda ya juya wa kwando baya yana rarraba ƙwallo, da musayar abokan hamayya wajen tsaro. Tare da Nat Holman da Dutch Dehnert, Lapchick ya ci kofin gasar ABL, babbar gasar ƙwararru ta lokacin, a 1927 da 1928. Ƙarfinsu ya kai ga shugabannin gasar suka wargaza ƙungiyar, suka raba 'yan wasanta ga sauran, don kada 'yan kallo su gaji da sanin wanda zai yi nasara tun kafin a fara. Lapchick ya koma Cleveland Rosenblums, inda ya ƙara cin kofi a 1929 da 1930. Da karayar tattalin arzikin duniya ta durƙusar da gasar a 1931, sai ya sake tara tsofaffin abokansa da sunan Celtics, suka shiga yawon gari-gari suna wasa.

Darasin da ya koya daga abokan hamayya

A wannan yawo ne ya san Amurkar da bai sani ba. Babbar abokiyar hamayyar Celtics ita ce New York Renaissance, wadda ake kira Rens, ƙungiyar baƙaƙen fata zalla da Bob Douglas, ɗan asalin tsibirin St. Kitts, ya kafa a unguwar Harlem a 1923. Rens ta fara doke Celtics a watan Disamba na 1925. A kakar 1932 zuwa 1933 ta ci wasa 88 a jere cikin kwana 86, kuma Celtics ce ta katse mata wannan jeri. A 1939 ta lashe gasar ƙwararru ta duniya ta farko da aka yi a Chicago. Karawar ƙungiyoyin biyu tana cika zaure a duk garin da suka sauka, domin masu shirya wasa sun gane cewa mutane za su biya kuɗi su ga fari da baƙi suna fafatawa.

Da zarar an tashi daga wasa, hanya takan rabu. 'Yan Celtics su nufi otal. 'Yan Rens kuwa, a garuruwa da yawa ba a ba su ɗaki, ba a sayar musu da abinci, sai su kwana a motarsu ko su yi doguwar tafiya cikin dare zuwa birnin da za su samu masauki. Sakataren tafiye-tafiyensu yakan ƙirga 'yan kallo da kansa, ya kuma karɓi kason ƙungiyar kafin a fara wasa, saboda sun sha ganin an cuce su. Lapchick ya ga wannan duka da idonsa shekara da shekaru. Mutumin da yake tsalle da shi a tsakiyar fili, Charles Cooper da ake yi wa laƙabi da Tarzan, shi ne wanda Lapchick ya riƙa bayyanawa a matsayin gwanin da ya fi kowa a wannan gurbi. An san su da rungumar juna a gaban jama'a kafin a cilla ƙwallo, a zamanin da irin wannan gaisuwa tsakanin fari da baƙi kan tunzura 'yan kallo. Abota mai ƙarfi ta kuma ƙullu tsakaninsa da Bob Douglas.

Malamin da bai yi karatu ba

A 1936 Jami'ar St. John's, ta 'yan ɗarikar Katolika, wadda ke Brooklyn a lokacin, ta ɗauke shi koci. Farkon aikin ya zo masa da nauyi. Ga mutum da ya tsaya a aji takwas an ce ya koyar da ɗaliban jami'a, kuma abin da jikinsa ya iya bai taɓa zama ya fassara shi da baki ba. Bai ɓoye gazawarsa ba. Ya nemi shawarar tsohon abokinsa Nat Holman, wanda ke horarwa a City College, da Clair Bee na Jami'ar Long Island, ya koyi yadda ake tsara atisaye. Mai tambaya ba ya ɓata. Cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin manyan kociyoyin ƙasar, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne iya tafiyar da mutane da sa musu kishin mutuncin kansu.

Gasar NIT da ake yi a zauren Madison Square Garden ita ce ta fi daraja ga jami'o'in Amurka a waɗannan shekaru. St. John's ta lashe ta a 1943, ta sake lashewa a 1944 bayan ta doke DePaul mai George Mikan, ɗan wasan da ya fi kowa suna a zamaninsa. A tsakiyar wannan wasan ƙarshe Lapchick ya suma a kan benci saboda zullumi, ya farfaɗo ya tarar yaransa suna gaba. Wannan hali na ɗaukar kowane wasa kamar rai da mutuwa ya bi shi har ƙarshen aikinsa, ya hana shi barci, ya ci lafiyarsa.

Taron Filadelfiya da kwantiragin 1950

A 1947 Ned Irish, shugaban New York Knicks, ya ɗauke shi ya horar da ƙungiyar a sabuwar gasar BAA, wadda ta koma NBA a 1949. A shekarar ce Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta zamani, wasan da ya fi farin jini a Amurka a lokacin. Kamar yadda ɗansa Richard ya sha bayyanawa, Lapchick ya tafi da Bob Douglas taron masu ƙungiyoyi a Filadelfiya, ya nemi a shigar da Rens gasar. Aka ƙi. Ya yi niyyar ajiye aiki, Douglas ya hana shi, yana mai nuna masa cewa zamansa a ciki ya fi amfani, domin wata rana dama za ta zo. A kakar farko ta Lapchick, Wataru Misaka, Ba'amurke ɗan asalin Japan, ya buga wa Knicks wasa, ya zama na farko da ba farar fata ba a gasar. Wasa uku kawai ya yi aka sallame shi.

Ƙin da masu ƙungiyoyi suka yi ya haɗa wariya da lissafin aljihu. Gasar tana fama da ƙarancin 'yan kallo, kuma daren da zaure ke cika shi ne daren da aka gayyato Harlem Globetrotters, ƙungiyar baƙaƙen fata mallakar wani farar fata, Abe Saperstein, ta yi wasan share fage. Saperstein ne ke riƙe da fitattun baƙaƙen 'yan wasa, kuma masu ƙungiyoyi suna tsoron ɓata masa rai. Shi kuwa Irish yana neman dogon ɗan wasa mai ƙarfi da zai kai Knicks ga kofi, sai ya matsa wa takwarorinsa lamba. Buƙatar Irish ta cin wasa ta haɗu da abin da Lapchick ya daɗe yana nema.

A 1950 katangar ta tsage a wuri uku. Boston Celtics ta zaɓi Chuck Cooper a zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Afrilu. Knicks ta sayi kwantiragin Nat Clifton, wanda ake kira Sweetwater, daga Globetrotters a kan dala 12,500, inda dala 2,500 kawai ta shiga hannun ɗan wasan. Earl Lloyd na Washington Capitols ya zama na farko da ya taka fili, ranar 31 ga Oktoba. Wannan ya faru shekara huɗu kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun fari da baƙi, shekara 14 kafin dokar kare 'yancin jama'a ta 1964.

Lapchick ya biya nasa kason. An riƙa bugo waya gidansa ana zaginsa da cewa ya zama masoyin baƙaƙe. Richard, wanda ke da shekara biyar a lokacin, ya ba da labarin yadda ya leƙa ta tagar ɗakinsa a Yonkers ya ga mutum-mutumin mahaifinsa a rataye a bishiya. A Amurkar da aka sha rataye baƙaƙen fata a bishiya ba tare da shari'a ba, kowa ya san ma'anar wannan saƙo. Kocin bai janye ba. Da Clifton a cikin 'yan wasansa ya kai Knicks wasan ƙarshe sau uku a jere: a 1951 Rochester Royals ta doke su da wasa 4 da 3, a 1952 Minneapolis Lakers ta Mikan ta doke su 4 da 3, a 1953 ta sake doke su 4 da 1. Bai taɓa cin kofin NBA ba. A kakar 1955 zuwa 1956 ya ajiye aikin Knicks, lafiyarsa ta taɓu, dangantakarsa da Irish ta yi tsami. Ya bar ƙungiyar da nasara 326 da rashin nasara 247.

Kundin 'yan caca

Ya koma St. John's a 1956, ya tarar da wasan jami'o'i bai gama farfaɗowa daga babban abin kunya ba. A 1951 binciken mai gabatar da ƙara na New York, Frank Hogan, ya bankaɗo cewa 'yan wasa 32 daga jami'o'i bakwai sun karɓi kuɗin 'yan caca. Dabarar tana da sauƙi. Ba lallai a faɗi wasa ba. Idan masu caca sun yi hasashen ƙungiya za ta ci da tazarar maki 10, sai a biya ɗan wasa ya riƙa zubar da ƙwallo har a ci da maki 5, ƙungiya ta yi nasara, mai caca ya kwashe kuɗi. Asirin ya fara tonuwa ne saboda Junius Kellogg, wani baƙar fata ɗan wasan Manhattan College, ya ƙi karɓar dala 1,000, ya kai rahoto. Abin ya shafi City College ta Nat Holman, wadda ta lashe manyan kofunan jami'o'i biyu a 1950, ya kuma shafi Long Island ta Clair Bee, mutanen da suka koya wa Lapchick aiki. Sherman White na Long Island, wanda ake ganin ya fi kowa iya wasa a jami'o'in ƙasar, ya tafi kurkuku, kuma bai taɓa buga wasa a NBA ba.

Lapchick ya tara labaran jaridu na wannan badaƙala a cikin kundi guda, da hotunan samarin da aka kama. Kafin kowace kaka, kowane ɗan wasansa sai ya karanta kundin ya sa hannu. Duk da haka, da wata sabuwar badaƙala ta fashe a 1961, an gano cewa biyu daga cikin yaran da suka yi wasa a ƙarƙashinsa bayan dawowarsa sun karɓi irin wannan kuɗi. Tarbiyyar koci ɗaya ba ta iya toshe ƙofar da talaucin 'yan wasa da kuɗin caca suka buɗe ba, a tsarin da jami'a da mai zaure ke samun kuɗi, ɗan wasa kuwa ba a biyansa. Duk inda caca ta shiga wasanni, har da inda take shiga ta waya a yau, tambayar ita ce wa ke samu, wa kuma ake bari da yunwa a kusa da kuɗin.

Ya sake cin kofin NIT a 1959. A 1965 ya cika shekara 65, dokar jami'ar ta tilasta masa ritaya ba da son ransa ba. A wannan kaka ta ƙarshe yaransa suka doke Michigan, wadda ke matsayi na ɗaya a ƙasar, sannan a watan Maris suka doke Villanova da maki 55 da 51 suka ba shi kofin NIT na huɗu, adadin da babu kocin da ya kai kafinsa. Cikin kaka 20 a St. John's ya yi nasara 334, ya yi rashin nasara 130. Mataimakinsa Lou Carnesecca ne ya gaje shi. A shekarar ce wani yaro ɗan New York mai suna Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya gama sakandare. St. John's na cikin jami'o'in da ya duba, amma ya zaɓi UCLA a can yammacin ƙasar.

Abin da ya bari

An sa Lapchick a zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando na Springfield a 1966, shekarar da Bill Russell ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin koci a NBA. A 1968 ya wallafa littafi kan shekara 50 da ya yi a wasan. Ya rasu ranar 10 ga Agusta, 1970, a Monticello ta Jihar New York, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 70.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Richard Lapchick ya zama jagoran masu fafutukar ganin Amurka ta ƙaurace wa Afirka ta Kudu a wasanni saboda mulkin wariyar launin fata. A watan Fabrairu na 1978, yana tsaka da yaƙi da wasan tenis na kofin Davis da aka shirya tsakanin ƙasashen biyu a Nashville, an kai masa hari a ofishinsa a wata kwaleji a Jihar Virginia. Wannan gwagwarmaya ta haɗa shi hanya da Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen Afirka fiye da 20 da suka ƙaurace wa gasar Olympics ta Montreal a 1976, lokacin da ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, ta kuma ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edmonton a 1978. A 1994 Richard na cikin baƙin da aka gayyata bikin rantsar da Nelson Mandela.

Ta ƙofar da aka buɗe a 1950 ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya shiga a 1984 a matsayin zaɓi na farko, ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. Ta nan ne kuma Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma fara koyon wasan a can, ya kai ga shugabancin Toronto Raptors, wadda ta lashe kofin NBA a 2019.

Sai dai adalci ga tarihi ya buƙaci a faɗi wanda ya fi ɗaukar nauyi. Lapchick ya sha zagi da barazana, amma bai rasa aiki ba, bai rasa masauki ba, kuma an karrama shi yana raye. Rens ba ta taɓa shiga NBA ba, ta watse a 1949. Bob Douglas bai samu shiga zauren karramawa ba sai a 1972. Nat Clifton, wanda aka fi ɗora wa aikin tsaro da kwaso ƙwallo a Knicks duk da gwanintar da aka san shi da ita a Globetrotters, an zaɓe shi cikin taurarin gasar a 1957, yana da shekara 34. Bayan ya bar wasa ya koma Chicago ya kama tuƙin tasi, kuma a bakin wannan aiki ya rasu a 1990. Sai a 2014, shekara 24 bayan rasuwarsa, aka sa sunansa a zauren da Lapchick ya shiga tun 1966.